Hannu Ɗaya Ba Ya Ɗaukar Jinka: Darasi Daga Wasan Hoki

A wannan wata mun leƙa Kanada da Amurka, inda ake wasan hoki a kan ƙanƙara. Kowace shekara ƙungiyoyin NHL sukan zaɓi matasan 'yan wasa bi da bi, kuma ƙungiya tana iya musanya layinta da na wata. To, ya dace a ba da damar zaɓe da yawa don a samu yaro ɗaya gwani?

A 1992 ƙungiyar Philadelphia Flyers ta karɓo Eric Lindros daga Quebec Nordiques. Ta ba da 'yan wasa 6, har da Peter Forsberg, da damar zaɓe 2 na zagayen farko, da dala miliyan 15. Lindros ya zama gwarzon shekara a 1995, amma Flyers ba ta ci kofin Stanley tare da shi ba. Ita kuwa Quebec, bayan ta koma Colorado, ta ci kofin a 1996 da 2001.

Sai dai a 1999 Vancouver ta yi musanye har sau 3 don ta haɗa tagwayen Suwidin, Daniel da Henrik Sedin. Sun yi mata wasa har 2018, kuma ba ta yi nadama ba.

Ra'ayinmu shi ne, ƙungiyar da gwani ɗaya kaɗai ya rage mata tana iya yin kasada. Wadda ba ta gama kafa ginshiƙi ba, ta riƙe damarta. Manomi ba ya sayar da irin baɗi don cin yau.