Me Ya Sa Zuciya Ke Tafiya Yawo Alhali Mutum Yana Tsaye?

Akwai wata matsala da kusan kowa ya san ta. Ɗalibi zai buɗe littafi, idonsa na bin layi har ƙarshen shafi, sai ya farga bai san abin da ya karanta ba. Mai salla zai kabbarta, kafin raka'a ta biyu zuciya ta kai kasuwa ta dawo. Wasu har sukan yanke ƙauna, su ce su kam ba su da rabo a karatu. To masana halayyar ɗan Adam sun daɗe suna bin diddigin wannan al'amari, kuma abin da suka gano zai amfane mu.

A shekarar 2010 wasu masana biyu na jami'ar Harvard a Amurka, Matthew Killingsworth da Daniel Gilbert, sun yi bincike a kan mutum 2,250. Sukan aika musu tambaya ta salula a lokutan da ba su zata ba: me kake yi yanzu, kuma ina hankalinka yake? Kusan kashi 47 cikin ɗari na amsoshin sun nuna hankali yana wani wuri dabam da aikin da ke hannu. Kun ji fa, kusan rabi. Sun kuma lura cewa mutane sun fi samun jin daɗi a lokacin da hankalinsu ke kan abin da suke yi.

To daga ina abin yake tasowa? Masana suna maganar wata ƙaramar ma'ajiya a ƙwaƙwalwa wadda suke kira ma'ajiyar aiki. Ita ce ke riƙe lambar waya daga lokacin da aka faɗa maka har ka rubuta, ita ce ke riƙe lissafi lokacin da kake ba da canji. Ku ɗauke ta kamar faifai: abu kaɗan yake ɗauka, in ka ƙara wani sai wani ya zube. A 1956 George Miller ya ƙiyasta tana ɗaukar abu bakwai ko kusa da haka. A 2001 Nelson Cowan ya ce wajen huɗu ne kawai. Idan tunanin bashi ko na cefane ya hau faifan, dole abin da kake karantawa ya sauka.

Mutane ba ɗaya suke ba wajen tsaron wannan faifai. A 2007 Michael Kane da abokan aikinsa sun ba ɗalibai 124 wata ƴar na'ura da ke kiran su sau takwas a yini har kwana bakwai. Waɗanda ma'ajiyarsu ta fi ƙarfi, zuciyarsu ba ta cika yawo ba idan aikin mai wuya ne kuma suna ƙoƙarin mayar da hankali. Amma idan aikin mai sauƙi ne, su ma sukan saki linzami. A nan ne hikimar take: abin da harshe ya saba da shi yana gudana da kansa, ba ya cin wuri a faifai, sai filin da ya rage tunane-tunane su mamaye shi. Shi ya sa surar da mutum ya haddace tun yana yaro akan yi rafkanwa a cikinta. Malamanmu sun san da wannan rauni tuntuni, ga babin ƙabli da ba'adi nan a Ahalari da sauran littattafan fiƙihu.

Wani abin kuma, sau da yawa mutum bai ma san hankalinsa ya tafi ba. Jonathan Schooler ya sa mutane karatun wani dogon littafi, ana katse su jefi-jefi ana tambayar su, sai aka riƙa kama su hankali ya yi nisa ba su sani ba. Ke nan farkon magani shi ne saurin fargaba.

Kada kuma a ce za a kori tunani da ƙarfin tsiya. A 1987 Daniel Wegner ya hana mutane tuna wata farar dabbar dawa na ƴan mintoci. Tunanin bai bar su ba, kuma da aka sake musu sai ya dawo fiye da na waɗanda ba a hana ba tun farko. Abin da ya fi shi ne idan ka farga, ka mayar da hankali wurin da ya dace cikin natsuwa, ba tare da faɗa da kai ba.

Ga abin da za a iya yi. Na ɗaya, yawancin abin da ke fizgar zuciya buƙatu ne da ba a kammala ba. Wani bincike na 2011 ya nuna idan mutum ya tsara yaushe da yadda zai yi aikin da ke damun sa, tunanin yakan rage kutse. To ka rubuta shi ko ka gama shi kafin ka zauna karatu. Wannan ya yi daidai da karantarwar Manzon Allah (SAW) cewa idan an kawo abinci kuma salla ta zo, a fara da abincin. Na biyu, ka cika faifan da kanka: bi ma'anar abin da kake karantawa, rage sauri, riƙa canja surorin da kake karantawa. Na uku, salula ta yi nesa da kai, kuma a samu isasshen barci, don gajiya na raunana tsaron hankali. Na huɗu, malamai da iyaye su gajarta darasi, su riƙa jefa wa yara tambaya a tsakiya. Yaron da hankalinsa ya tafi, tambaya ta fi bulala saurin dawo da shi.

Hankali abu ne da ake horarwa, yau da gobe kuwa ba ta barin komi yadda yake. Allah Ya ba mu natsuwa a ibada da karatu, Ya sa mu amfana da abin da muka sani. Amin.