Manhajarka za ta yi aiki a Birnin Gwari kuwa?

Idan kana cikin masu koyon rubuta manhaja, ko a shirin 3MTT na gwamnatin tarayya, ko a CoLab da ke Kaduna, ko kuma kai kaɗai a ɗaki da bidiyon YouTube da datar dare, na san ka sha jin kalmar Agile. Kowa na liƙa ta a shafinsa na LinkedIn kamar ado. Ni dai aikin jarida nake karantawa, ko layi ɗaya na manhaja ban iya rubutawa ba. Abin da ya sa na tsaya na fahimci kalmar nan shi ne abin da ya sami wani abokina a garinmu, Birnin Gwari.

Yaron nan yana da kai. Ya lura dillalai na sayen masara da arha a hannun manoman ƙauye saboda manomi bai san nawa buhu yake a Kaduna ko Funtuwa ba, sai ya ƙudura yin manhajar da za ta riƙa nuna farashi kullum. Ya kulle kansa a ɗaki wata shida. Ya sa mata taswira, ya sa mata wurin rajista da imel, har launin ganye ya zaɓa mata don ta dace da noma. Ranar da ya kai wa kawunsa da ke noma wajen Dogon Dawa, tsohon ya zaro 'yar wayarsa mai maɓalli da aka ɗaure da kyauro, ya ce, "To ɗana, ta ina zan shiga?"

Tambaya ɗaya ta cinye wata shida.

Kada ka yi masa dariya, manya ma sun faɗa wannan rami. Hukumar FBI ta Amurka ta kashe kusan dala miliyan 170 kan wata manhajar adana bayanan bincike, a 2005 ta watsar da ita ba tare da ta amfane ta ba. A tsohon tsarin aiki, sai an rubuta duk abin da ake so a takarda tun farko, a sa hannu, masu gini su ɓace shekara ɗaya ko biyu, sannan su dawo da kaya. Kafin nan duniya ta yi gaba, ko kuma a gano tun asali ba abin da mai aikin ke bukata ba ke nan.

Gajiya da irin wannan ce ta sa wasu masu rubuta manhaja su 17 suka haɗu a wani wurin shaƙatawa mai suna Snowbird a jihar Utah ta Amurka, a watan Fabrairun 2001. Cikinsu akwai Kent Beck da Martin Fowler, da Ken Schwaber da Jeff Sutherland masu tsarin Scrum. Suka fitar da gajeriyar sanarwa mai ginshiƙai huɗu da ƙa'idoji 12. A taƙaice sun ce mutane da yadda suke fahimtar juna sun fi kayan aiki da dokokin ofis. Manhajar da ke aiki ta fi tulin takardun bayani. Zama da mai aikin ya fi ja-in-ja kan yarjejeniya. Sannan bin sauyi idan ya zo ya fi nacewa kan shirin da aka riga aka zana. Ba su ce a zubar da takardu da shiri ba fa. Cewa suka yi idan an zo zaɓi, ga wanda ya fi nauyi.

A aikace abin ba wuya. Ka yanki ɗan ƙaramin ɓangare, ka gama shi cikin mako biyu ko uku, ka kai wa wanda zai yi amfani da shi, ka tsaya ka ga inda ya maƙale, ka gyara, ka ƙara wani. Kamar tela mai hankali ne da ke kiran ka gwaji kafin ya kai ga aikin wuya, ba wanda zai miƙo maka kaya daren sallah ba. Masu bin Scrum kan tsaya minti 15 kowace rana, kowa ya faɗi inda ya kwana da abin da ya tare shi. Ƙa'idar da ta fi burge ni ita ce wadda ke cewa gwaninta ce ka san aikin da bai kamata ka yi ba. Da abokina ya san ta, da taswirar nan ba ta ci masa wata guda ba.

Yanzu ka dubi garinmu. A ƙarshen Satumban 2021 gwamnatin Kaduna ta sa aka katse layukan waya a wasu sassan jihar, har da Birnin Gwari, don yaƙi da 'yan bindigar da ke dazukan Kamuku da Kuyambana. Kusan wata biyu babu kira balle intanet, an hana hawa babur, an rufe kasuwannin mako. Farkon 2023 ƙarancin takardun naira ya tura har masu sayar da rake karɓar tiransifa. A Nuwamban 2024 kuma Gwamna Uba Sani ya sake buɗe kasuwar shanu ta garin bayan shekaru a rufe, sakamakon sulhu. Faɗa mini wane shiri ne za ka rubuta a 2021 ya kai 2024 bai tsufa ba? A nan sauyi ba baƙo ba ne, ɗan gida ne.

Kuma wani lokaci mutane ne za su nuna maka abin da ka gina. M-Pesa ta Kenya, da aka fara gwajinta, don biyan ƙananan basussuka aka tsara ta. Sai masu ita suka ga jama'a na amfani da ita suna tura wa juna kuɗi, suka bi su. Da Safaricom ya ƙaddamar da ita a 2007, tura kuɗi gida ne ya zama tallarta, kuma a kan waya mai maɓalli, irin ta kawu.

Sai dai akwai inda nake ja da baya. Samari da yawa na mafarkin manhajar da za ta riƙa sanar da matafiya halin da hanyar Kaduna zuwa Birnin Gwari ke ciki, ko an tare wajen Buruku ko Udawa. Niyya mai kyau ce. Amma a nan ba a cewa "mu sake ta haka, ma gyara daga baya". Saƙon ƙarya ɗaya na iya tura mota cike da mutane hannun masu garkuwa, lambar waya ɗaya da ta fita na iya sa a kira wani mai kai rahoto, kuma kowa a yankinmu ya san abin da ke biyo bayan wannan suna. Sauri ba shi ne manufar ba. Cikin ƙa'idojin nan 12 har da kula da ingancin aiki da tafiya a takun da ba zai karya ma'aikaci ba. Duk ogan da ya hana ka barci kullum da sunan Agile, wallahi ci da guminka kawai yake yi.

Abokina ya sake ɗaura ɗamara bayan girbi. Bai rubuta komai ba a makon farko. Ya sami wani mai shago a Kaduna da wani direba ɗan Funtuwa suna faɗa masa farashi da safe, shi kuma ya tura wa manoma goma gajeren saƙo, masu babbar waya kuma saƙon murya ta WhatsApp, tunda ba kowa ke karanta boko ba. Ranar kasuwa ya je ya zauna da su a rumfar mai shayi ya tambaye su yaya suka gani. Kawu ya ce farashin masara ai yana jin sa a bakin direbobi tun tuni. Abin da yake so a riƙa turo masa shi ne kuɗin buhun taki, da kuma wanda ke sayar da na gaskiya.