RAKE DA FURE: TAURA BIYU BA TA TAUNUWA

'Yan'uwa manoma na Madadi da sauran ƙauyukan Gwarzo da Kabo, akwai amfanin gona da ba mu shuka ƙwayarsa. Rake da gaɓarsa muke dasawa, rogo da karansa, dankali kuwa da yaɗonsa. Duk da haka dukansu suna iya fure. Wato hanya biyu gare su ta haihuwa, amma rumbunsu ɗaya ne, shi ne abincin da ganye ke haɗawa da hasken rana. Abin da aka kai wa fure, an rage wa jiki ke nan.

Ku dubi rake a fadama. In yini ya soma gajarta bayan damina, wani irin yakan fid da farin fure a kai. Daga nan karan ya daina tsawo. In an bar shi ya daɗe, cikinsa na sama sai ya yi soso, idanunsa su tsiro, zaƙi ya ragu. Mai mazarƙwaila ya san wannan hasara. Saboda haka raken da ya yi fure shi za a fara sara.

To, furen banza ne? A'a. Abin da aka dasa da kara, uwarsa ce sak, har da cutarta. Shi ya sa ciwon nan mai murɗe ganyen rogo ke bin kara daga gona zuwa gona. Amma ƙwayar fure tana ba da sabon iri. A 1888 masana a tsibirin Barbados suka tabbatar ƙwayar rake tana tsirowa. Ta hanyar fure kuma cibiyar IITA ta Ibadan, wadda aka kafa a 1967, ta samo rogo mai jure wannan ciwo.

Ciyawa ma ta san dabarar. Tofa takan yi fure bayan an ƙone daji, amma ƙarfinta yana cikin saiwar da ke rarrafe ƙarƙashin ƙasa. Wanda ya daddatsa saiwar ya bar ta a kunya, dashe ya yi mata. A tono, a shanya a rana.

Shawara ga ƙungiya: ku ware fili ɗaya don iri, ku riƙa tuge duk tsiro maras lafiya, kada kuma ku karɓi karan da ba ku ga uwarsa a gona ba. Iri na gari, rabin noma.