Jirgin Feshin Jan-baki da Haɗarin da Ke Tattare da Shi

Ku sani, ya ku malamai da fatake, tun da aka ƙaddamar da shirin rancen noman shinkafa a Birnin Kebbi cikin watan Nuwamba na 1915 da ɗari, watau 2015, noman fadama ya bunƙasa a kwarin Gulbin Rima. Amma inda shinkafa ta nuna, nan jan-baki ke sauka. Tsuntsu guda yana cin kamar giram 10 a wuni, garke mai miliyan 2 kuwa ya cinye tan 20. Saboda haka hukuma takan yi hayar jirgin feshi, ya tashi daga filin jirgin sama na Sir Ahmadu Bello, ya nufi fadamun Argungu.

Aikin nan yana da haɗari ƙwarai. Ba a samun tsuntsayen a tare sai da almuru, sa'ad da suka koma makwancinsu cikin ciyayin bakin gulbi. Tilas matuƙi ya yi ƙasa-ƙasa, wani lokaci bai kai tsawon giginya ba, ga duhu yana shigowa, ga wayoyin lantarki ba su ganuwa, ga garken yana iya tashi ya bugi gilashi ko ya shiga inji. Wanda ya yi nisa a sama yana da sararin zaɓen masauki in inji ya mutu. Shi kuwa wannan, ƙiftawar ido gare shi. Sai ya buɗe tanki ya zubar da maganin domin jirgi ya yi sauƙi, sa'an nan ya nemi hanya ko fako ya sauka.

In haka ta faru kusa da gari, kada a yi masa rububi. A tsare yara da dabbobi, a tsaya ta wajen da iska ke fitowa, kada a kusanto da wuta, a aika wa hukuma. Maganin, wanda ake kira fenthion, dafi ne mai shiga ta fata da numfashi. Alamunsa su ne dalala, da gumi, da amai, da tsukewar ƙwayar ido. Wanda ya taɓa shi ya tuɓe tufafinsa, ya yi wanka da sabulu, a gaggauta kai shi asibiti. Yana kuma lahanta kifi, abincin masuntan Matan Fada.

Saura magana ga 'yan kasuwa. Washegarin feshi akan iske tsuntsaye zube a ƙasa, waɗansu su tsince, su soya, su kai kasuwa. Wannan mushe ne, ba a yanka shi ba, haramcinsa kuwa a bayyane yake cikin Suratul Ma'ida, ga kuma dafi a jikinsa. Wanda ya sayar, alhakin wanda ya ci yana wuyansa. Malamai su faɗakar da almajiransu tun kafin jirgi ya zo. Allah ya kiyashe mu, amin.