Babbar Mota Ko Ƙarama, Wacce Ta Dace Da Manomi?

Jama'a, in kaka ta yi, manoma da yawa, musamman 'yan ƙungiyar gama kai, sukan shiga shawarar sayen mota don kai amfanin gona kasuwa. Galibi an ɗauka babba ta fi a kowane hali. To, ba haka abin yake ba. Nauyin mota yana da amfani, amma yana da tsada, kuma mai mota ne ke biya kullum.

Mu fara da batun mai. Kafin mota ta ɗauki buhu ko ɗaya, sai ta ɗauki kanta tukuna. Inji bai san bambancin ƙarfe da hatsi ba, duka da mai yake jansu. Ma'aikatar makamashi ta Amurka ta lissafta cewa in an rage wa mota kashi 10 cikin 100 na nauyinta, za a sami sauƙin mai wajen kashi 6 zuwa 8. Tun da aka janye tallafin fetur a Nijeriya cikin watan Mayu 2023, wannan lissafi ya zama abin kula ƙwarai.

Amma fa kada ku ce ƙarama ta fi kenan. A-kori-kura tana ɗaukar wajen tan 1, watau buhun masara 10 masu kilo 100. Lori mai tan 10 kuwa buhu 100 za ta kwashe a sawu ɗaya, kuma ba ta shan man sawu 10 na a-kori-kura. Saboda haka in lori ta cika, kuɗin man kowane buhu ya fi sauƙi. Asarar tana zuwa ne ran da ta tafi da buhu 15 kaɗai, ta komo wayam.

Sai batun lafiyar rai. In mota mai tan 2 ta yi taho-mu-gama da mai tan 1, bugun da ƙaramar za ta sha ninki biyu ne na babbar. Ga amfanin nauyi ga wanda ke ciki. Amma ga mai babur, da yaro, da bisa a bakin hanya, nauyin nan shi ne masifar. Sa'an nan an ƙera birkin kowace mota daidai da nauyin da aka rubuta mata. In aka labta mata fiye da ƙima, birki ya yi zafi a gangara ya ƙi kamawa. Ku tuna kuma, in direba ya ninka gudu, nisan da zai ci kafin ya tsaya ninki huɗu ne. Lodin da aka yi wa tsiri, ga mutane zaune a bisa, shi ke kifar da mota a kwana.

Hanya ma tana jin nauyi. Daga 1958 zuwa 1960 ma'aikatan hanyoyi na Amurka sun yi wani babban gwaji a jihar Ilinoyi, suka yi ta bin kwalta da motoci masu lodi iri iri. Suka tarar in an ninka nauyin da ke kan tayoyi, ɓarnar takan kai wajen ninki 16. Wannan kwalta kenan, balle hanyar burji da damina, wadda ku ne za ku bi ta gobe.

Haka abin yake ga tarakta a gona. Tana bukatar nauyi don tayoyi su kama ƙasa, amma in ya yi yawa sai ya danƙare ƙasar, musamman in da danshi, ruwa ya kasa shiga, saiwa ta kasa nutsewa. Wani maƙeri a Birtaniya, Harry Ferguson, ya gano dabarar ɗaura garma a jikin tarakta ta wuri uku, yadda jan garmar da kansa zai danna tayoyin baya. 'Yar taraktarsa TE20, wadda aka ƙera a Ingila daga 1946 zuwa 1956, ba ta wuce tan 1 da 'yan kai ba, amma an yi fiye da 500,000 saboda aikinta ya gamsar da manoma. Ashe ƙarfin aiki ba lalle sai da girma ba.

To, kafin ku ba da kuɗinku, ku zauna ku ƙidaya buhunan da kuke fitarwa a makon da aka saba, ba ranar da kaya suka fi yawa a shekara ba. Ku duba hanyar ƙauyenku da gadojinta. In kayan yau da kullum kaɗan ne, ku sayi ƙarama, ran babban girbi kuwa ku haɗa kuɗi ku yi shatar lori, ku cika ta daidai ƙa'ida. Daidai ruwa daidai tsaki.

Allah ya ba mu kaka mai albarka, ya kai mu kasuwa lafiya, amin.