Abin da Khartoum ta koya wa ɗalibanmu kafin yaƙi

Ɗan Najeriyar da ya je karatu Jami'ar Ƙasa da Ƙasa ta Afirka a Khartoum, azumin Sudan ne ke fara ba shi mamaki. Da magariba magidanta kan shimfiɗa tabarmi a bakin titi, su tare mai wucewa, har direbobi, sai ya sha ruwa tare da su. Yaron da kunya ke hana shi ci a gaban baƙi, nan ya saba da hilu-mur, abin shan da ake yi da dawa, Larabcinsa kuma ya sake.

Cikin azumin ne yaƙi ya ɓarke, ranar 15 ga Afrilun 2023. Aka kwashe ɗalibai a motocin bas zuwa iyakar Masar, da yawansu ba su kammala karatun ba.