Faɗa A Bakin Tukunyar Shinkafa Da Wake

Duk wanda ya tashi a Nima ya san layin da ake yi da sassafe gaban masu shinkafa da wake, abincin da sauran mutanen Gana ke kira "waakye", sunan da suka ara daga bakinmu. Iyayenmu mata kan dafa ta da karan dafi don ta yi ja, su zuba a ganye da taliya da ƙwai.

To, ran wata Asabar muna bisa benci muna ci, sai wani saurayi ya ce an rage masa awo. Hajiya ta ce, "Ɗana, na kuɗinka ke nan." Kafin mu farga ya ture tukunyar miya, ta ƙone ƙafar yarinyar da ke wanke kwanoni, samari suka rufe shi da duka. Da ƙyar dattawa suka ƙwace shi, yarinya kuwa aka wuce da ita asibiti.

Ba mu goyi bayansa ba, amma mun san tushen abin. A Disamba 2022 hauhawar farashi a Gana ta kai kashi 54 cikin 100. Buhu ya yi tsada, awo ya ƙanƙance, alhali ba Hajiya ke yanka kuɗin shinkafa ba.

Roƙonmu, masu abinci su faɗi kuɗi kafin su zuba, su kuma janye tukunya mai zafi daga inda yara suke. Samari kuwa, mai ƙorafi ya yi da baki. Allah ya ba yarinyar lafiya.